Girar Motar Mahmudu

Mahmudu ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa motocin da ba nasa ba. Direba ne na wani furoje, shirin ginin rijiyoyi mai buro, wato ofis, a Agiye, kuma duk tsawon shekarun nan ko carbi bai taɓa ratayawa a madubin mota ba, don a ganinsa kayan mutane ba a yi musu shisshigi. Da furojen ya naɗe tabarmarsa aka yi gwanjon kaya, sai ya sayar da bijiminsa da ayar da ya noma a shekarar, ya karɓi tsohuwar motar ratsa daji, kat-kat ɗin da ya fi daɗewa a cikinta, wata fara mai dogon baya. Ya kai ta ƙauyensu a arewacin Cadawa, ya ajiye ta gindin gawon ƙofar gida.

Mutanen ƙauyen Buzaye ne tun asali. Kakanninsu sun sauko daga arewa suna bin raƙuman wasu, suka iske ƙasa mai karɓar iri, suka kafa bukkoki, har yau ba su tashi ba. Yanzu babu mai raƙumi a garin, sai noman hatsi da aya da gujiya. Mahmudu ya shiga noman kamar kowa, motar kuma ta zama ta gari. Ita ke kai mai naƙuda likita, ita ke kai amarya, ita ke kwasar ƴan kasuwa. Da yake hanyoyinsu rairayi ne zalla, ya sa mata faffaɗan tayu, har suka leƙo waje da jikinta kamar ƙafafun yaron da ya fi ƙarfin wandonsa. Duk rani tana shawagi a kan yashi ba ta taɓa kafewa ba.

Sai damina ta faɗi. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka ranar kasuwar Cadawa, ya ɗauke da hantsi. Mahmudu ya ɗauko ƴan kasuwa, iska na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, hankalinsa kuma ya yi nisa, kamar yadda ya saba yi tun da ya ajiye aiki. A wata lanƙwasar hanya ya iske matan Fulani sun sauke kaya suna hutawa, kowace da ƙwaryar nononta. Ba gudu yake yi ba, amma tayar baya ta faɗa kududdufi, ta kwaso jan taɓo ta watsa gefe. Ya tsaya ya fito. Wata tsohuwa faifan ƙwaryarta ya zame, taɓon ya sauka tsakiyar nonon. Ta dubi nonon, ta karkata ƙwaryar a hankali ta tsiyaye shi a ƙasa. Mahmudu ya yi ta ba ta haƙuri, ya sa hannu aljihu, ta girgiza kai. Da Hausarta mai ɗanɗanon Fulatanci ta ce ƙasa ma tana da rabonta, ya je abinsa rana na yi.

Da ta zage shi da abin ya fi masa sauƙi. Ya yi kwanaki yana ganin farin nonon nan yana bin jar ƙasa, yana rarrabuwa kamar saiwa. In yana noma ya gan shi, in ya rufe ido bayan azahar ya gan shi.

Ya kai kukansa wurin Labo, mai sayar da kayan mota a tashar Cadawa, wanda ke tsallaka iyaka yana saro kaya. Labo ya ce abin yana da magani. Akwai wasu baƙaƙen robobi masu kauri, lanƙwasassu kamar jinjirin wata, da ake ɗaurawa a bakin ramin kowace taya, su turo waje su yi mata rumfa, duk abin da ta kwaso ya bugi robar ya koma ƙasa. Ya faɗi sunansu da Faransanci, sunan bai zauna a kan Mahmudu ba, amma ya ce mutanen garaji gira suke ce musu, don in an sa wa mota sai ka ga kamar ta ja kwalli. Da ya dawo daga tafiyarsa ta gaba ya kawo su guda huɗu, a ɗaure da tsumma cikin wani dogon kwali, da ƙullin kusoshi masu murɗi. Ya ce sai dai a nemi mai gyaran jikin mota wanda hannunsa ya faɗa, don sai an huda ƙarfe, kuma rami in ya karkace ba ya komawa.

Kwalin ya yi kwana da kwanaki a zaure. Wata safiya Maryama, matar Mahmudu, tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, ai akwai mai irin wannan aikin a Gazawa. Ba ta faɗi suna ba, shi ma bai tambaya ba.

Ridwanu take nufi, ɗansu na fari. A gidansu Mahmudu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya zama da shi tabarma ɗaya, in magana ta kama sai a bi ta bakin wani. Ana yaye shi kakarsa Gogo, mahaifiyar Mahmudu, ta goya shi ta tafi da shi Gazawa inda take zaune wurin ƙanenta, can ya girma, can ya yi lakol ɗin da ya yi, wato karatun boko, can ya koyi bugun ƙarfen mota har ya buɗe garajinsa ya yi aure. Babu faɗa tsakaninsa da iyayensa, babu ɓacin rai. Yakan zo da salla ya durƙusa daga nesa ya gaishe su, Mahmudu ya amsa yana kallon wani wuri, a sa masa albarka ya koma. Su biyun in za su ambace shi sai su ce na Gogo. Gogo ta rasu shekarun baya, sunan bai canza ba.

Mahmudu ya sa kwalin a bayan mota ya kama hanya da sassafe. Ya hau kwalta a Cadawa ya fuskanci gabas. Hatsi ya kai gwiwa, kore shar har iyakar gani, itatuwan gawo kuwa sun kakkaɓe ganyensu kamar yadda suke yi da damina, suna tsaye farare a cikin gonaki kamar tsofaffin da suka zo kallon aikin yara. Ya wuce Agiye, ya ga ginin tsohon buronsu an yi masa wani fenti, wasu mutane ne ke shiga da fita. Wannan hanyar ya bi ta ba adadi, amma kullum da wani a gefensa mai duban agogo. Yau babu mai jiransa, sai ya bar motar tana tafiya yadda take so.

Garajin na bayan tashar Gazawa, wani fili ne da rumfar kwano da babban dogon yaro a tsakiya, gawarwakin motoci sun kewaye shi, ciyawa ta tsiro ta tagoginsu. Ridwanu na zaune shi kaɗai yana daidaita wata ƙofa da guduma. Da ya ga farar motar ya ajiye gudumar ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya zo ya durƙusa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da gona da ruwa, Mahmudu na amsawa yana kallon dogon yaron. Daga nan ya buɗe bayan mota ya nuna kwalin, ya yi bayani yana fuskantar tayar, kamar ita yake gaya wa.

Ridwanu ya zaro gira ɗaya ya kara a jikin motar, ya ja da baya, ya sake karawa. Ya ce aikin zai yiwu, sai dai na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya huda, yaransa kuwa duk sun tafi ƙauyukansu noma. Ya ce bari ya leƙa tasha ya nemo wani.

"Bar su da neman abincinsu," in ji Mahmudu. "Ni mi nike yi?"

Ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ya ajiye a kujerar mota, ya naɗe hannun ƴar ciki.

Ridwanu ya fara da shimfiɗa girorin huɗu a rana a kan wani tsohon kwano, ya ce roba in ta sha zafi tana laushi, ta bi jikin ƙarfe ba gardama. Ya ɗebo ruwa da omo ya wanke bakin ramin tayar gaba ta hagu, ya kankare busasshen taɓon da ya maƙale ta ciki, ya bi wurin da yatsa yana neman tsatsa. Inda ya samu ya goge da takarda mai kaushi har ƙarfe ya yi haske. Sannan ya ɗauko girar, ta yi ɗumi kamar bayan akuyar da ta kwanta a rana, ya zura mata wata siririyar roba a baki don kada ta ci fenti, ya ɗora ta, ya nuna wa mahaifinsa inda zai dafa.

Mahmudu ya durƙusa ya dafa da hannu biyu. Ridwanu ya durƙusa a gefensa da alli, yana sa ɗigo ta kowane ramin kusa. Kafaɗarsu ta haɗu. Tun ranar suna, da aka miƙo masa jariri cikin zane ya yi addu'a ya mayar da sauri, Mahmudu bai tuna ya taɓa kusantar wannan mutum haka ba. Yanzu ga shi yana jin numfashinsa, yana jin warin man inji da na sabulu a jikinsa. Bai dubi fuskarsa ba, hannunsa ya duba. Babban yatsan na lanƙwashe baya, farcen mai faɗi, sak irin nasa, sak irin na Gogo. Ya ga kuma furfura guda biyu ko uku a bayan kunnensa, abin ya ba shi mamaki ƙwarai, don shi a ransa na Gogo yaro ne.

Aka sauke girar. Ridwanu ya ɗauki ƙusa da ƙaramar guduma ya ɗan ƙwanƙwasa kowane ɗigon alli don bakin injin ya sami wurin zama, sannan ya kawo injin huda mai batir. Kafin ya fara ya dakata, ya ce in an huda fa an huda. Mahmudu ya tuna shekarun da ya yi yana kare jikin motar nan daga ƙaya da reshe, yana wanke ta kafin shugabanni su fito. Ya ce a yi bismilla. Injin ya yi kuka siriri, ƙarfe ya fito a nannaɗe kamar gashin jariri ya zuba a ƙasa. Ridwanu ya bi kowane rami da ɗan tsinke yana shafa jan fenti, ya ce in ba haka ba ruwa zai shiga, kafin damina biyu tsatsa ta cinye wurin. Suka jira ya sha iska. Mahmudu ya sake dafawa, Ridwanu ya sa kusoshin ɗaya bayan ɗaya bai ɗaure ba sai da duka suka shiga, sannan ya fara ɗaurewa daga tsakiya yana tafiya gefe da gefe. Da ya gama ya shiga ya murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ya fito ya zura hannu ya tabbatar taya ba ta gogar roba.

Suka ja baya suka duba. Motar ta canza fuska ta gefe ɗaya, kamar macen da ta ja kwalli a ido guda aka kira ta.

Rana ta ɗaga, zafin damina mai nauyi ya sauko. Hayaniyar tasha na zuwa daga nesa, ƴan kamasho na kiran Tasawa da Maradi, kurciya na kuka a kan dogon yaro. Ta biyu ta fi sauri don hannuwansu sun fara sanin juna, kafin Ridwanu ya ce a ɗaga Mahmudu ya ɗaga. Suna cikinta Najiba, matar Ridwanu, ta aiko da hura mai sanyi da tuwo miyar kuɓewa, don labari ya kai gida cewa surukinta na gari. Ridwanu ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya ajiye kwanonin, ya koma can bayan wata mota zai zauna. Mahmudu ya buɗe kwano ya ga tuwon ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya yi gyaran murya ya ce wa iska, abinci dai ba ya son a bar shi ya huce. Ridwanu ya taso ya zauna a bakin tabarmar, rabinsa a ƙasa, suka ci tare.

Bayan sun yi azahar suka koma tayar baya ta dama. Mahmudu na dafe da roba, idonsa ya fara nauyi, sai ya ji Ridwanu na wani ɗan gunguni a maƙogwaro yana sa alli, bai ma san yana yi ba. Waƙa ce marar kalmomi, mai hawa a hankali ta sauko kamar tafiyar raƙumi. Gogo ce ke yin ta in tana kaɗi. Ta ce ita ma a bakin kakarta ta ji, kalmomin na yaren arewa ne, sun zube a hanya, muryar kaɗai ta iso. Mahmudu bai sake jin ta ba tun yana saurayi. Nan take garajin ya yi nisa, ya ga tsakar gidansu na da, ya ga mazari na juyawa a kan ƴar fata, ya ga ƙafafun uwarsa da lalle ya koɗe. Girar ta zame daga hannunsa.

Ridwanu ya tare ta, ya tambaya ko ya gaji a huta. Mahmudu ya ce a'a, waƙar ce. Ridwanu ya ji kunya ya koma kan allinsa. Can, yana goge allin da ya karkace, ya fara ba da labari da ƙaramar murya, shi ma yana fuskantar tayar. Ya ce lokacin yana ƙarami, Gogo kan kai shi bakin kwalta da la'asar su zauna a kan wani kututture. In farar mota ta taho sai ta ce masa ga babanka nan, ɗaga hannu. Shi kuwa duk farar motar da ta wuce sai ya ɗaga, ta likita, ta jandarma, ta baƙi. Wasu su yi masa oda, wasu su wuce. Ya ce sai da ya yi wayo ya gane ita ma ba ta bambance su.

"Ni dai a wurina duka ku ne a ciki, Baba," in ji shi, ya yi ƴar dariya. "Na ɗauka babu wanda ya kai ku yawan motoci a ƙasar nan."

Mahmudu ya yi ta lalube cikin shekarunsa yana neman yaro a kan kututture a mashigar Gazawa. Yara masu ɗaga hannu sun yi yawa, kowane gari da nasa, duk sun haɗe sun zama yaro ɗaya mai ƙurar ƙafa. Bai iya cewa ya gan shi ba, bai iya cewa bai gan shi ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya jiƙan Gogo." Ridwanu ya ce amin, ya ɗauki injin.

Da suka zo ta huɗu sai ta ƙi zama. Suka juya ta, suka kifa ta, lanƙwasar na kallon inda bai kamata ba. Ridwanu ya kai ta ya kara da wadda suka gama ɗaurawa, ya ga tagwaye ne. Wanda ya ɗaure wa Labo kaya a can ya sa na dama guda biyu, babu ta hagu. Ya ce ko an gasa ta da wuta ba za ta juyu ba, sai dai Labo ya mayar ya canzo in ya sake tafiya. Mahmudu ya ji abin bai ɓata masa rai ba ko kaɗan, har ya yi mamakin kansa. Ya ce ba komai, sai a dawo.

Ba su lura da hadarin ba sai da iska ta juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ganyen dogon yaro ya fara zuba, ƴan tasha na guje-guje da kaya. Ridwanu ya kwashe kayan aiki ya kulle a akwatin ƙarfe, ruwa ya kece kafin su kai rumfa, sai suka faɗa cikin motar don ita ce kusa. Mahmudu ya sami kansa a kujerar mai zaman banza, Ridwanu a gaban sitiyari. Duk shekarun da ya yi da motar nan bai taɓa zama a wannan gefen ba. Komai ya yi masa wani iri, madubi na kallon wani, ƙafarsa na neman abin takawa babu.

Ruwa na dukan rufi, gilashi ya yi hazo, duniya ta rage daga su sai ƙamshin jiƙaƙƙen tufa. Da ya tsagaita Ridwanu ya ce yanzu ne lokacin gwaji, a hau hanya mai taɓo a ji ko wani abu na gogawa. Mahmudu ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa masa.

Tuƙin Ridwanu mai taushi ne, ba ya fizgar giya. Suka fita bayan gari ta wata jar hanya tsakanin itatuwan goriba, ruwa kwance a ko'ina yana ɗauke da hoton sama. Mahmudu ya leƙa ta taga ya ga tayar gaba ta shiga kududdufi, taɓo ya tashi ya bugi cikin girar ya koma inda ya fito. Ya jingina kai. Hannuwansa na zogi mai daɗi irin na wanda ya yi aiki, mai share gilashi na kai da komo, bai san lokacin da barci ya ɗauke shi ba.

Ya ga ayarin raƙuma farare suna ratsa gonar hatsi ba sa taka ko kara ɗaya, kowanne da baƙar gira mai sheƙi. Gogo na kan na gaba, yarinya ce ɗanya, tana kaɗi a kan sirdi, zaren na sauka yana zama hanya. Shi yana biye a mota, motar ba ta da ƙara. A gefen hanya ga yaro a kan kututture ya ɗaga hannu. Mahmudu ya nemi birki da ƙafa bai samu ba, ya nemi sitiyari babu, amma motar ta rage gudu da kanta ta tsaya, yaron ya buɗe ƙofa ya shigo, ƙafafunsa ba sa kaiwa ƙasa, ya kama tuƙi.

Ya farka ya ga kwalta na sheƙi a gabansu, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare ta rina gonaki ruwan zuma. Ya duba gefe ya gane wurin, sun baro Agiye a baya.

"Na ga kuna barci," in ji Ridwanu, "na ce bari in ƙara gaba kaɗan. Sai gaban ya yi ta ƙaruwa."

Mahmudu ya ce to ai sai a ƙarasa. Daga Cadawa ya riƙa nuna masa hanya da hannu, nan a bi dama, nan a kauce wa rami, wannan gonar wane ce, waccan tasu ce, ayar bana ta yi kyau. Bai taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba. In sun iske masu tafiya a ƙasa ta hagu, gefen da babu girar baya, sai ya ce a sassauta, Ridwanu ya taka a hankali har su wuce.

Sun isa gida ana kiran magariba. Maryama ta fito jin ƙarar mota, ta ga wanda ya fito daga gefen direba, ta ja mayafi ta koma ciki da sauri. Ba a daɗe ba aka ji kaza na kuka a bayan ɗaki.

Labo bai samo ta hagun ba sai da aka fara yankan hatsi. Duk daminar nan motar ta yi yawo da gira uku, har mutanen ƙauyukan suka saba, in sun hango ta sai su koma ta damanta. Mahmudu kuma ya sami dalilin zuwa Gazawa a kai a kai, wai a duba ko kusoshi sun saki.

Amma wannan daga baya ne. Washegarin ranar, da hantsi, Maryama ta ɗaure zabuwa guda da ƙullin gujiya da kwalbar man shanu, ta ba wata jikarta ta miƙa, ta ce a kai wa Najiba. Daga bayan zana ta yi addu'ar hanya, muryarta ƙasa ƙasa. Mahmudu ya ɗauki Ridwanu ya kai shi bakin kwalta a Cadawa don ya sami motar Gazawa. Suka tsaya a inuwar wani kalgo, zabuwar na kwance a tsakaninsu tana ƙifta ido. Wata motar haya ta taho da sauran wuri, yaron motar ya leƙo yana kiran Agiye da Gazawa, babu wanda ya ɗaga hannu a cikinsu. Wata ta sake zuwa ta wuce. Suna maganar tsatsa, da irin fentin da ya fi jure rana, da ko za a yi fari a tsakiyar damina. Ta ukun ce ta tsaya da kanta, don direban ya san Ridwanu, ya taɓa gyara masa ƙofa. Ridwanu ya durƙusa ya yi sallama, ya ɗauki zabuwarsa ya shiga, aka matsa masa wuri kusa da taga.

Mahmudu ya tsaya har motar ta shige cikin koren gonaki. Sannan ya tuna akwai sauran maimai a gonar gujiya, ƙasa kuma ta yi laushi daidai aiki, ya tada mota ya juya arewa.